Mosin, Mauser ko Enfield: shawarar da na ba ɗan yayata

Ɗan yayata da ke zaune a Amurka ya kira ni bayan sallar isha'i, ina zaune a ƙofar gida a unguwar Aboabo da ke Kumasi, masu ataya na ta hayaniyarsu a gefe. Ya shiga ƙungiyar masu harbin allo, takardunsa sun cika daidai da dokar jiharsu, sai idonsa ya faɗa kan tsofaffin bindigogin soja masu sakata, irin waɗanda bayan kowane harbi sai ka ja ƙarfen baya ka sake tura shi gaba. Ya ce, "Kawu, kuɗin guda ɗaya gare ni. Ga Mosin, ga Mauser, ga Enfield, duk a shago ɗaya. Wacce zan ɗauka?" Ni ya tambaya saboda ya san shekarun da na yi a Toronto ban rabu da filin harbi ba, kuma duka ukun sun zauna a hannuna kafin in sayar da su in dawo gida.

Zan fara da abin da na fara gaya masa, domin na san da yawa cikin masu karanta wannan a Kumasi suke, ko Nima, ko Ashaiman. Wannan zance na inda doka ta yarda ne. A Gana ba a riƙe bindiga sai da lasisin 'yan sanda, ana sabunta shi kowace shekara, dokar makamai ta 1972 da gyare-gyarenta ce ke aiki, kuma tun 2007 akwai hukumar ƙasa mai lura da ƙananan makamai. Abin da aka saba ba farar hula izini a kai shi ne bindigar farauta da ƙaramar bindigar hannu. Bindigar yaƙi, ko ta shekara 100 a duniya, ba hajar kasuwar Kejetia ba ce, wanda ya kawo maka ita a ɓoye kuwa kurkuku ya kawo maka. Na ja masa kunne cewa ko kwanson harsashi kada ya kuskura ya jefa cikin duron kayan da yake aiko wa mahaifiyarsa. Wanda ya tarar da wata tsohuwar bindiga a ɗakin kakansa, hanyarsa ɗaya ce, ya je wa 'yan sanda da maganar.

Sannan na tambaye shi: harbi kake so ko ajiya? Ya ce duka biyun. Kowa haka yake cewa da farko, amma buƙatun biyu ba su cika tafiya tare ba. Mai harbi lafiyar cikin bututu yake dubawa, da yadda idon saiti yake, da ko zai samu harsashi ba tare da ya sayar da rigarsa ba. Mai ajiya lambobi da tambura yake karantawa, yana so ya ga komai kamar yadda ya fito daga masana'anta, ko da katakon ya sha duka. Bindigar da wani ya kankare katakonta ya shafa mata sabon fenti na iya harbi da kyau, amma a wurin mai ajiya ta mutu.

Mosin-Nagant ita ce ta fi sauƙin kuɗi, shi ya sa yawancin samari da ita suke farawa. Rasha ta karɓe ta a 1891, sunanta ya haɗa na hafsan Rasha Sergei Mosin da na maƙerin Beljiyam Nagant, kuma an ƙera wajen miliyan 37. Wadda aka fi gani a kasuwa ita ce M91/30 daga masana'antun Tula da Izhevsk, doguwa ce, ta haura mita 1.2, tana ɗaukar harsashi 5. Harsashinta, 7.62x54R, har yau sojoji na amfani da shi a wasu manyan bindigogi, don haka ba ya yankewa a kasuwa. Akwai lokacin da ake sayar da ita ƙasa da dala 100 a Amurka. Wannan zamani ya wuce, amma har yanzu ita ce ƙasa a farashi cikin ukun.

Ƙarfi kam tana da shi, an yi ta ne don ɗan ƙauyen da bai taɓa riƙe bindiga ba ya yi yaƙi da ita cikin ƙanƙara. Daɗin hannu ne babu. Mariƙin sakatarta gajere ne miƙaƙƙe, idan ta yi zafi wani lokaci sai ka doke shi da tafin hannu kafin ya buɗe, musamman idan ba a wanke daskararren man ajiyar da Rashawa suka cika ta da shi ba. Kunamarta ja take da nisa, ba ka sanin inda za ta tashi. Makullinta kuwa, wato abin da ke hana ta tashi bisa kuskure, sai ka ja wani ƙulli da ke bayan sakata da ƙarfin gaske ka murɗa, abin da ke sa mutane da yawa su daina amfani da shi gaba ɗaya, wannan kuma mugun sabo ne ga sabon mai harbi. Gajeruwarta, M44, mai wuƙa liƙe a gefen baki, tana fesa wuta da ƙara mai firgita na kusa da kai, kafaɗa kuma ta sha duka. In dai Mosin ce dole, a nemi wadda Finlan ta sake ginawa, M39. Sun ɗauki gangar jikin ta Rasha suka sa mata bututu mai kyau da saiti mai kyau, sai ta zama wata aba daban, farashinta ma daban.

A kan Mosin na koyi darasin da ya fi min ciwo. Yawancin tsofaffin harsasan soja masu araha, ƙyastun da ke gindinsu na barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin nan yana jawo laima, mai kuma ba ya narkar da shi, sai ruwa. Wata Asabar na yi harbi da irin harsasan nan, na dawo a gajiye, na goge ta da mai kawai na rufe a akwati, hidimar babbar sallah ta ɗauke min hankali. Bayan kwana 10 na zare sakata na ɗaga bututun wajen taga. Maimakon hasken nan mai sheƙi da zanen murɗe-murɗe, sai na ga ja-ja kamar ƙasar Tamale, tsumman farko da na tura ya fito kamar an tsoma shi a miyar manja. Na wanke iya wankewa, amma ƙananan ramukan da tsatsa ta ci ba su taɓa cikewa ba. Bindigar da ta tsira daga yaƙin duniya, a hannuna ta samu tabo cikin kwana 10. Maganin ba wuya gare shi ba: ruwan zafi ta cikin bututu a ranar da aka yi harbin, a busar sarai, sannan mai. Wannan doka ta shafi duka bindigogin da zan ambata idan da tsohon harsashin soja aka harba su.

Mauser ita ce wadda maƙera ke cire wa hula. Tsarin da Paul Mauser ya kammala a 1898 shi ne uban yawancin bindigogin farautar da ake ƙerawa har gobe. Haƙora biyu ne a gaban sakata ke kulle ta daf da gindin harsashi, ga na uku a baya don ko-ta-kwana, ga wani faffaɗan farce da ke cafke harsashin tun yana fitowa daga ma'ajiya bai sake shi ba sai ya jefar da kwanson. Ko ka juya ta kai ƙasa ba ta sarƙewa. Wadda kowa ke nema ita ce Karabiner 98k ta 1935, tsawonta mita 1.11, harsashi 5 na 7.92x57, an ƙera sama da miliyan 14.

Matsalolinta biyu ne a wurina. Na farko saiti: wata 'yar tsaga ce ƙarama a tsakiyar bindiga da ɗan tsini a gaba, idon saurayi na iya wa, amma wanda ya fara riƙe takarda nesa kafin ya karanta zai sha wuya. Na biyu kasuwarta cike take da algus. Saboda masu ajiya na biyan kuɗi mai yawa kan ta Jamus mai lambobi iri ɗaya a kowane sashe, an samu masu buga tamburan ƙarya da sake sassaƙa lamba. Yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa Rashawa ne suka ƙwace su a yaƙi, suka wargaza su, suka sake haɗawa ba tare da kula da wane sashe na wacce ba ne, sannan suka rubuta lamba a kan sakata da alƙalamin lantarki. Irin waɗannan suna harbi lafiya, kuma tarihinsu na gaskiya ne, amma kada a saye su da kuɗin wadda ba a taɓa ba. Ni kaina ina da wani dalilin da ya sa ban riƙe tawa da daɗewa ba: tambarin gwamnatin Hitila ne a jikinta, ban ji daɗin ajiye shi a gidan da 'ya'yana ke girma ba. Wanda ke son aikin Mauser ba tare da wannan ba, ga vz. 24 ta Cekoslobakiya, ga M48 ta Yugoslabiya wadda aka yi bayan yaƙi kuma sau da yawa cikinta fes yake, ga kuma M96 ta Suwidin mai harsashi 6.5x55, mai laushin duka, mai kai harsashi inda aka aike shi. Don harbin allo zalla, ta Suwidin ɗin nan ta fi ta Jamus. Na kuma gaya wa yaron cewa harsashin Mauser da kamfanonin Amurka ke yi sun saba rage masa ƙarfi, saboda kafin 1905 bututun Jamus ya fi matsewa kaɗan kuma suna tsoron a sa sabon harsashi a tsohuwar bindiga. Na Turai, irin na kamfanin Prvi Partizan ko Sellier & Bellot, shi ne mai cikakken ƙarfi.

Sai Lee-Enfield. A nan ba zan ɓoye ba, zuciyata na ciki, amma bari in fara da ƙarfen kafin zuciya.

Tana ɗaukar harsashi 10, ninki biyu na sauran. Haƙoran kullenta a baya suke, don haka tafiyar sakatar gajeruwa ce, mariƙin kuma ya sauko daidai bayan kunama, inda hannunka yake. Tana ɗana kanta ne lokacin da kake tura sakata gaba, sa'ad da nauyin hannunka ke taimaka maka. Idan ka saba, kana iya sake harsashi ba tare da ka ɗaga kunci daga katako ba, idonka na kan allo. Babu wata cikin tsararrakinta da ke da wannan santsi. Iri biyu za ka fi gani. No. 1 Mk III ta 1907, mai dunƙulallen hanci, katako har baki, wadda aka ci gaba da ƙerawa a Ishapore ta Indiya da Lithgow ta Ostareliya shekaru bayan Ingila ta sauya. Sai No. 4, wadda ta yawaita daga 1941, mai bututu mafi kauri, kuma mai abin da ya fi komai muhimmanci ga mai harbi: saitinta ɗan rami ne kusa da ido. Kana leƙawa ta ramin, ido da kansa ke daidaita tsinin gaba a tsakiya. Wannan kaɗai ya sa sabon mai harbi zai fi samun allo da No. 4 fiye da Mauser ko Mosin a ranarsa ta farko. An yi ta a Fazakerley da Maltby a Ingila, da kamfanin Savage a Amurka, da Long Branch a gefen Toronto. Tawa ta Long Branch ce. Dakarun sa-kai na arewacin Kanada sun riƙe No. 4 tun 1947, sai a 'yan shekarun nan aka sauya musu, ka ga ke nan ba kayan ado ba ce.

Tana da nata aibin. Harsashin .303 na da leɓe a gindi, idan ka jera su ba daidai ba leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa, sakata ta tsaya cik. Tsohon harsashin soja mai araha ya kusan ƙarewa, sabo kuma ya fi na Mosin tsada. Saboda kullen a baya yake, kwanso na ɗan miƙewa a kowane harbi, masu sake cika kwanso ba sa samun zagaye da yawa. Katakonta biyu ne, kuma yadda na gaba ya zauna da ƙarfe shi ke yanke ko za ta yi harbi daidai, idan ya bushe ya saki sai harsashi ya riƙa watsuwa. Da yawa kuma mafarauta sun yanke musu katako don su rage nauyi, irin waɗannan ba su da daraja a wurin mai ajiya. Gajeruwar nan No. 5 da aka yi daga 1944 zuwa 1947 don yaƙin daji tana da kyan gani, amma dukanta a kafaɗa ya fi, kuma jabunta sun yi yawa, ana yanke No. 4 a sayar da sunanta.

Yanzu zuciya. Kakanmu, mahaifin mahaifiyata, sojan Burma ne. Ina yaro, idan ya ji daɗi da yamma, sai ya ɗauki sandarsa ya ɗora a kafaɗa ya nuna mana yadda ake jan sakata, hannun dama na tafiya sau huɗu cikin ƙiftawar ido, sama, baya, gaba, ƙasa, yana yin ƙarar da bakinsa. Ya ce a gindin bindigar akwai wata 'yar ƙofa ta ƙarfe, a ciki ake ajiye kwalbar mai da igiyar goge bututu, kuma sajan ba ya barin kowa ya ci abinci sai ya leƙa cikin bututunsa. Shekara kusan 30 bayan rasuwarsa, ranar da na kawo tawa gida a Toronto, na juya gindinta na ga 'yar ƙofar. Na sa farce na ɗaga. Igiyar na nan a naɗe, ta yi baƙi da tsohon mai, da ɗan ƙarfen nauyi a bakinta. Na daɗe zaune da ita a hannu ban ce komai ba.

Ba labarin gidanmu kaɗai ba ne. Rundunar da ta zama sojan Gana ta samo asali ne daga dakarun da Turawa ke kira 'yan sandan Hausa, ta zama rejimantin Gwalkwas a 1901, kuma Hausa ce harshen bariki shekaru da yawa, ko sojan Bagurunshe ne ko Bamoshe ko Dagomba. Alhaji Grunshi, wanda ake ɗauka shi ne ya yi harbin farko a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914, ɗan wannan runduna ne. Sunayen barikokinmu kansu taswirar inda aka kai kakanninmu ce: Kamina a Tamale daga Togo, Uaddara a nan Kumasi daga yaƙin Habasha na 1941, Myohaung a Takoradi daga fafatawar Janairun 1945 a Burma, ga Burma Camp a Accra. A Habasha da Burma, Enfield ce a kafaɗarsu. Tsofaffin 'yan sandanmu ma sun riƙe ta shekaru bayan samun 'yanci. Ba duka tarihin ne abin alfahari ba, kuma bai kamata mu da ke zaune a ƙasar Asante mu manta ba: sojojin Hausa na cikin ganuwar Kumasi tare da gwamna Hodgson lokacin da Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci mayaƙan Asante, ta kewaye ta a 1900. Sannan ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi suka fita neman haƙƙinsu a Accra, aka harbe Sajan Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Mai riƙe Enfield daga cikinmu duk wannan yake riƙe da shi.

Wannan ganuwa da ke Adum, wadda ginin da ke tsaye yanzu na 1897 ne, ita ce gidan tarihin sojoji a yau, kuma nan ne halattacciyar hanyar da ɗan Kumasi zai ga irin waɗannan makamai ido da ido, har da waɗanda sojojinmu suka ƙwato daga Italiyawa da Japanawa. Idan yaron nan ya tashi ƙara ta biyu da ta uku, ta wannan hanya nake so ya bi, ya tara bindigogin da suka fuskanci kakanninmu. Carcano ta Italiya, ta 1891, harsashi 6 na 6.5x52, ba ta aiki sosai sai da ɗan maƙalin ƙarfen da ake zura harsasan da shi, kuma kaurin harsashinta ya ɗan fi na sauran masu 6.5, shi ya sa ta yi sunan rashin saiti a hannun waɗanda suka ba ta harsashin da bai cika bututunta ba. Tana da araha, ta fi dacewa da ajiya. Arisaka ta Japan, Type 38 ta 1905 da Type 99 ta 1939, ƙarfinta ya wuce yadda ake zato, kuma Type 99 na farko-farko an shafe cikin bututunsu da ƙarfen da ba ya tsatsa. A samanta akwai tambarin furen sarkin Japan, wanda aka goge daga yawancinsu lokacin miƙa wuya, mai furen da bai taɓu ba ta fi tsada. A nan akwai haɗari na gaske: Japan ta yi bindigogin koyar da ɗalibai masu kama da ita sak, waɗanda ba a yi su don harsashi mai rai ba. Kada a harba Arisaka sai masani ya duba ta.

'Yan uwanmu na Zango da asalinsu Nijar ne ko Burkina, wataƙila MAS-36 ta Faransa ce tasu, gajeruwa mai ƙwari, saitinta ma ɗan rami ne, sai dai ba ta da makulli ko kaɗan, harsashinta 7.5x54 kuma sai an nema. Wanda ba ruwansa da tarihi, ramuka kawai yake so su taru wuri ɗaya a allo, ya nemi K31 ta Suwizalan, wadda sakatarta ja da turawa ce kawai babu murɗawa. Ba ta je yaƙi ba, harsashin sojan ƙasar ba ya barin gishiri, don haka cikinta kan zama kamar sabo, wani lokaci har ka tarar da 'yar takarda mai sunan sojan da ya riƙe ta a ƙarƙashin farantin gindi.

Na ce masa ya ɗauki Enfield ɗin, in No. 4 ce kuma ba a yanke katakonta ba, amma kada ya biya sai ya yi abu uku. Ya zare sakata ya haska cikin bututu, ya ga zanen na da kaifi har baki. Ya gwada lambar da ke kan mariƙin sakata da ta jikin bindiga, domin sakatar da aka ɗauko daga wata bindigar ba lallai haƙoranta su zauna daidai ba. Sannan ya sa maƙerin bindiga ya auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi kafin harbin farko. A No. 4 gyaran wannan da sauƙi, kan sakatar ana kwance shi a sauya, akwai masu lamba 0 zuwa 3. Idan cikin Enfield ɗin ya ci tsatsa, Mauser ɗin kuma na da lafiya, ya ɗauki Mauser, don suna ba ya gyara ruɓaɓɓen bututu.

Bayan kwana biyu hotuna suka shigo wayata ina shan koko da ƙosai. Ta Fazakerley ce, lambobin sun dace, cikin bututun na sheƙi. Hoton ƙarshe na gindinta ne, ya ɗaga 'yar ƙofar da makullin mota, ramin babu komai a ciki. Ya rubuto, "Kawu, me ake sawa a nan?" Na ajiye kofin na kira shi, na fara ba shi labarin sandar kakanmu.